Faifan da na rataya wa tsuntsaye

Ni ba mai fita ba ce. Duk wanda ya san ni a Gaya ya san haka. Gulbi yana nan kusa da mu, in ka aza shayi ka tafi bakinsa za ka dawo bai gama nuna ba, amma nakan yi shekara ban gan shi da idona ba. Labarinsa dai nake ji, kuma na ji shi fiye da masu wuni cikin jirgi, don aikin maigidana ke nan, auna gulbi. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka fidda ni. Abin da na tsira da shi ɗan karatun da nake rubuta wannan da shi, sai kunne. Kunne kam Allah ya ba ni. In aka faɗi magana sau biyu a tsakar gidana, ko da Faransanci ce, ta zauna ke nan.

A wani mulkin soja na can baya, ba wannan da muke ciki ba, wasu Turawa suka zo da aikin ruwa, suka kafa akwatin ƙarfe a bakin gulbi. Akwatin da kansa yake rubuta tsawon ruwa, ya adana cikin wani ɗan kaset. Maigidana ke zuwa ya ciro kaset ɗin ya juye a ordinatar, wato kwamfuta. Abin da Turawan suka ba shi lambobi kawai yake nunawa, shi kuwa so yake ya ga bana kusa da bara, bara kusa da bariya. Sai ya samo wani littafi mai kauri kamar bulo, ya koya wa kansa wani yaren na'ura da ake ce wa Se, harafi guda tak, ya rubuta nasa porgaram. Rani biyu ya ci yana yi. Da Turawan suka nannaɗe tabarmarsu suka bar masa akwatin da ordinatar, shi kuma bai daina ba, ko da ya aje aiki.

Da haka gidanmu ya zama wurin tambaya. Gulbin namu sau biyu yake cika: jan ruwa na damina, da baƙin ruwa mai zuwa daga nesa lokacin sanyi. Kafin kowanne, Dendawa masu noman shinkafa da masunta sukan zo su zauna a zaure da Hausarsu ta kasuwa. Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci. «Mushe, ruwa babba ko ƙarami?» Shi kuma ya kunna ordinatar, ya jera shekaru kan gilashinta kamar igiyoyin shanya, ya ce musu: «Bana tana bin sawun shekarar da rumbun wane ya faɗi. Kada ku sauka kwari.» Ba kullum yake dacewa ba, amma ya fi dacewa da kuskure. Ni ina daga ciki ina aika musu fura, ina jin komai.

Yanzu ga abin da na yi. Gara in faɗe shi tun nan, don na riƙe shi da yawa.

Wata shekara maigida ya tafi Doso, ƙanena ya shigo yana kuka da tsuntsaye. Gonarsa ta shinkafa tana bakin gulbi, jan baki sun sa ta gaba. A lokacin an fara yayin rataya tsofaffin faifan sede a igiya, iska na juya su, suna walƙiya, tsuntsu ya tsorata. Ya ce: «Yaya, gidanku gidan boko ne, ba za a rasa masu ƙyalli ba.» Na jawo akwatin kwano na maigida daga ƙarƙashin gado. Ban ɗiba da ka ba, wallahi zama na yi na tantance. Duk faifan da na ga rubutun hannunsa a kai na mayar. Masu rubutun kamfani kuwa na ce ai waɗannan kamar takardar sabulu ne, abin da inji ya buga ana samunsa ko'ina. Na ba ƙanena guda biyar. Ɗaya fari ne da zanen igiyar ruwa shuɗiya, har na ce a raina wannan ya yi kyau da rataya. Ordinatar tana aiki lafiya, maigida bai sake buɗe akwatin ba, ni kuma na manta.

Bayan shekaru ciwo ya kama shi, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Kalma biyu suka rage masa, «to» da «a'a». Amma hannun hagu na nan, ido na nan. Masu shinkafa ba su daina zuwa ba. Ya danna da hagu, ya nuna layi da yatsa, ni kuma da na shekara talatin ina sauraro daga bayan zana, aka sa mini kujera a zaure na zama bakinsa. «To» ɗinsa iri shida ne, na san kowanne.

Sai soja suka sake karɓar mulki. Aka rufe gadar kan iyaka, kamiyo masu dakon kaya suka yi layi har ido ya gaji, kuran lantarki da ke zuwa mana daga Najeriya ya ɗauke. In ya zo sai ya zo kamar ɓarawo ya koma. Wata azahar ya dawo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Fanka ta yi kuka, na ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago, kafin in kai hannu ordinatar ta mutu. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya rufe, ya yi mana jaje kamar an yi rasuwa.

Ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta yi karatun ordinatar a Yamai, tana aiki a wani buro na masu fiton kaya a bakin gada. Da aka rufe gadar aikin ya tsaya, tana gida tare da mu. Ta ce: «Inna, kwantar da hankalinki. Tun bara na kwashe rubutun Baba da duk lissafin gulbi a kile.» Ta nuna mini wani ɗan abu da bai kai yatsa ba. Ta ce porgaram ɗin da aka riga aka haɗa ya ƙone da tsohuwar, amma tunda rubutun na nan, za ta sake haɗa shi a tata ƙaramar ordinatar. Lissafin gulbin kuwa ba abin da ke iya buɗe shi sai porgaram ɗin, don akwatin bakin gulbin da irin nasa salon yake rubutu.

«Aikin wuni ɗaya ne,» in ji ta.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas a kwanakin. Jan ruwa bai fi wata biyu ba.

Ƙarƙashin rumfa take aiki, daga hantsi zuwa la'asar, gwargwadon wutar da pano ɗin hasken rana na maƙwabta ya ɗura mata. Babanta na kan kujerarsa a gefenta, ni ina tsince shinkafa ko ina gyaran zogale. Halin ubanta ta ɗauko, duk abin da na'ura ta rubuta sai ta karanta a fili. Ranar farko na'urar ta yi ta gunaguni kan tsohon rubutu, amma ta bar shi ya wuce. Har yarinyar ta fara miƙa. Sai gilashi ya cika da layuka, ta fara karanto magana guda tana maimaitawa: referans andefini, referans andefini, kowacce da suna a bayanta.

Na ce: «Ke, wane ne wannan da kike ta kira?»

«Ba ni ke kira ba, Inna, Baba ne. Rubutunsa lafiya lau. Shafi-shafi na ba na'ura, ta juya kowanne zuwa nata yaren, ba ta ƙi ko ɗaya ba. Saura mai haɗa su wuri guda su zama abu ɗaya. To shi Baba ba komai ya rubuta da kansa ba. Wani wurin sai ya kira sunan aikin da wasu suka riga suka yi, ya ce wane, zo ka yi mini kaza. Mai haɗin ne zai je ya nemo wanen. In bai same shi ba sai ya tsaya, ya ce an kira suna ba mai shi.»

«Su waɗanda ake kiran, ina suke zaune?»

«A biblotek. Ba irin wadda ake aje littattafai ba. Ki ɗauka rumbu ne da wasu suka cika, kowa na zuwa aro.»

Na dubi maigida na ce: «Ashe duk shekarun nan da ake ce maka Mushe, ɗan aro ne kai ma.» Ya yi dariya da rabin bakinsa. Ranar duk muna da dariya.

Sunan abin da Faransanci yana da tsawo, ni dai na sa masa mai haɗi, har ita ma ta koma kiransa haka. Sunayen da ya rasa sun fi arba'in. Ta ce da yawansu na lissafi ne, rumbunsu yana cikin kowace na'ura, faɗa masa kawai za a yi. Ta ƙara wasu ƴan haruffa a farkon layin umarni, ta danna. Ba abin da ya ragu. Ta sake, haka. Sai na ji maigida yana bugun hannun kujera. Ya ɗaga yatsa, ya ja shi a iska daga hagu zuwa dama, har ƙarshe.

Na ce: «Cewa yake ki kai su baya.»

Ta kai su ƙarshen layi, ta danna, kusan rabin sunayen suka ɓace. Ta dafe kai tana dariya. «Haka ne fa. Mai nema ke fara shiga, sannan mai bayarwa. In rumbu ya riga zuwa, mai haɗi ya leƙa ya ga ba wanda ya nemi komai tukuna, sai ya wuce, kuma ba ya waiwaye.»

«Kamar Bafillatanar da ke kawo mana nono,» na ce. «In ta yi sallama ba ki fito da ƙwarya ba, sai gobe.»

Maigida ya ce «to», irin ta jin daɗi. Ya daɗe bai gyara wa kowa komai ba.

Wasu sunayen na rumbun zane ne, mai ja masa layukan nan kan gilashi. Wannan sai an sauko da shi ta rezo, wato intanet, namu kuma ya zama kamar ruwan rijiyar rani. Sai ta ɗauki na'urarta ta tafi bakin gulbi inda ake kamo rezon Malanbil daga ƙetare. Ta dawo da yamma tana faɗa, wai wani soja ya tsaya kanta yana tambayar me take aika wa mutanen can. Ta ce masa tsohon rubutun babanta take gyara, ya leƙa gilashin, ya ga layuka ba hoto, ya gaji ya tafi. Kwana uku ta yi tana zuwa kafin abin ya gama saukowa.

Daga nan mai haɗi ya sauya kuka. Da yana cewa ba mai suna, yanzu ya ce suna ɗaya ya samu a wuri biyu, bai san wanda zai ɗauka ba. Ta ce a zamanin da Baba ya yi rubutun, mai haɗi na da yana kau da kai ga irin wannan, na yanzu ba ya yi. Na ce haka yaran yanzu suke. Ta nemo wata kalma da ake sa masa ya yi haƙuri irin na da, ya yi. Sati biyu ke nan da aikin wuni ɗaya.

Sunaye uku suka rage. Ta ce ɗaya shi ke buɗe lissafin akwatin, ɗaya ya karanta, ɗaya ya rufe. Dukkansu da haruffa iri ɗaya suka fara, alamar kamfanin da ya ƙera akwatin. Na haddace su kamar sunayen jikoki. Ta ce takardar da ta lissafa sunayen tana nan, Baba ya kwafe ta cikin nasa rubutun, shi ya sa matakin farko bai yi gardama ba. Masu sunan ne babu. Rumbunsu yana wani lungu na tsohuwar ordinatar, ba cikin kayan Baba ba, don haka bai shiga kile ba.

Ta koma bakin gulbi ta nemi kamfanin. Ta tarar wani ya haɗiye shi tun tuni, wanda ya haɗiye shi ma an haɗiye shi. Ta rubuta musu wasiƙa, shiru. Ta tuna da wani tsohon abokin aikin babanta a Doso, ta kira shi, ya ce yana da wani abu mai kama da haka, ya ba direba ya kawo. Ta nuna wa mai haɗi. Ya duba ya ce ankompatibil, ya tsallake shi kamar bai gani ba, wai na tsofaffin na'urori ne, ba ya jituwa da tata. Ba ta karaya ba. Ta gina wata tsohuwar na'ura ta ƙarya a cikin tata, abin da har yau ban gane ba, ta kai komai can. A can ya karɓi rumbun, amma ya ce sunayen ciki ba su ne ake kira ba, wutsiyarsu ta bambanta. Ta zauna ta rubuta ƴan layuka masu cewa in an kira wane, wancan ya amsa.

Ta danna. Gilashi bai ce komai ba. Ta ce: «Inna, ya haɗu.»

Na aje faranti, saura kaɗan in yi guɗa. Ta juya na'urar wajen babanta, ta buɗe shekarar farko. Layi ya fito. Ranar ɗaya ga wata gulbi ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, ranar biyu ya nutse ƙasa da gindin rijiya, ranar uku babu shi sam. Ta buɗe wata shekarar, haka. Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ido ya ce «a'a». Rumbun na Doso na wani sabon akwati ne da aka yi daga baya. Ya amsa kira, amma bai san yaren namu akwatin ba.

Washegari da hantsi ta durƙusa gabansa ta ce: «Baba, da aka kawo akwatin, bai zo da faifai ba?»

«To.»

«Yana gidan nan?»

«To.» Ya nuna ɗaki, ya nuna ƙasa.

Ina bakin murhu lokacin da na ji ƙarar akwatin kwano ana jawo shi kan siminti. Ta fito da shi rumfa, tana ɗaga faifai ɗaya-ɗaya yana cewa «a'a». Duk rubutun hannunsa ne, ni na san haka, ni na tantance su. Da suka ƙare ya sunkuya da ƙyar, ya zana da'ira a ƙasa da yatsan hagu, ya ja igiyar ruwa a cikinta. Ya ɗago yana dubana, don ni ce bakinsa, in faɗa mata abin da yake nufi.

Na ce: «Wai mai zanen ruwa ne.» Na koma wajen tukunya.

Kwana shida na yi ban faɗa ba. Na sha tambayar kaina dalili. Shekara talatin da wani abu mutumin nan bai taɓa buɗe kwallata ba, ko allura yake nema sai ya kira ni. Ita kuma ƴar fari ce, tsakanina da ita akwai kunyar da ko ciwo nake ba na iya ce mata ga inda ke mini ciwo. Kuma ina ta ce wa kaina wataƙila ta samo wata hanyar, ai ta samo sau huɗu. Ta birkice ɗakin duka, ta zazzage buhunan takardu, har cikin rumbun hatsi ta leƙa. Ina taya ta nema. Wannan ne ya fi ci mini rai yanzu, ina ɗaga katifa ina cewa ko nan.

Da ta rasa, ta koma buɗe lissafin tsirara, tana kallon lambobi da haruffa a cakuɗe, wai ko za ta gane salon akwatin da kanta ta rubuta sunaye ukun. Ta ce a dunƙule yake, an matse shi don ya shiga ɗan kaset, ba a gane kai ba a gane gindi. Ta daina karantawa a fili. Tuwo ya huce a gefenta. Wani tsoho Badende, wanda tun gashinsa na baƙi yake zuwa gidanmu, ya yi sallama sau biyu a satin. «Madam, Mushe ya ce mi? Mu sauka kwari ko mu tsaya tudu?» Na ce masa bai ce komai ba tukuna. Ya ce: «Ruwa ba ya jira Mushe,» ya sha furarsa ya tafi.

Rana ta shida da azahar na zagaya bayan madafa ɗibar itace, na same ta tsugune tana kuka ba sauti. Ta share ido da ta gan ni. Ta ce: «Laifina ne, Inna. Ni da na yi karatun abin. Ranar da na kwashe kayansa, da na leƙa lungu ɗaya kawai na kwafi rumbun. Minti ɗaya ne. Aikin ransa duka na bari ya ƙone.»

Na shiga ɗaki na ɗauki mayafi na fita.

Na manta yadda hanyar gulbi take da nisa ga mai ƙiba. An yanke shinkafar rani, gonaki sun zama kara da laka, amma igiyoyin ƙanena na nan a miƙe tsakanin sanduna, da tsummoki da gwangwanaye da faifai suna lilo. Yana gyaran kunya ya hango ni, ya saki fartanya ya taho da sauri.

«Yaya, wa ya mutu?»

«Ba kowa.»

«To mi ya fiddo ki? Ko gidan ne ya kama wuta?»

Na ce faifan da na ba shi nake nema, mai zanen ruwa. Ya ce ai suna nan, duk shekara yana kwance su ya sake ɗaurawa, biyu dai sun fashe. Muka bi igiya. Na same shi can ƙarshe wajen ruwa. Shuɗin ya koɗe ya zama kamar toka. An huda gefensa da ƙusa mai zafi don ya riƙa juyawa. Da na ɗaga shi sama, rana ta ratso ta wurare da yawa, ƙyallin bayansa ya ɓare kamar ɓawon albasa.

«Wanga ya fi duka aiki,» in ji ƙanena. «Tsuntsu na tsoronsa. Ki kawo mini wani in kin ɗauke.»

Gulbi yana nan gabana, faɗinsa ya fi yadda nake tunawa, ya fara sauya launi. Ban tsaya kallonsa ba.

Na same su a rumfa yadda na bar su. Na aje faifan kan tabarma tsakaninsu, da guntun igiyarsa. Na faɗi komai, da tafiyar Doso, da tantancewar, da takardar sabulu, da kwana shidan. Ban zauna ba har na gama. Yarinyar ta ɗauki faifan ta juya shi. Na jira ta yi faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ce: «Kin sha ruwa, Inna? Kin yi tafiya.»

Ta aro na'urar karanta faifai wajen mai gyara. Ta wanke shi da sabulu, ta goge da gefen zanenta, ta shafa masa man goge baki wai yana cike ƙarce. Ta saka. Ya yi gurnani, ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Ta fiddo ta hura ta mayar. Sau bakwai na ƙirga. A na ƙarshe na'urar ta ce ba faifai a cikinta.

Maigida ya miƙa hannu ta ba shi. Ya riƙe shi kusa da fuska, ya bi zanen ruwan da babban yatsa, ya taɓa hudar ƙusar. Rana ta bugi abin da ya rage na ƙyallin, haske ya yi tsalle kan bango, kajina da ke kiwo gindin turmi suka watse. Ya bi su da kallo. Sannan ya dube ni ya ce «to».

Ɗiyata ta juyo wajena, ta saba ni ke fassarawa. Wannan «to» ɗin ba ya cikin shidan da na sani. Na yi ta juya shi a kunnena tun daga ranar, ban gane ba, kuma bai sake yin irinsa ba.

Da tsohon Badenden ya dawo, ni na fita zaure na ce masa bana ba mu da magana. Ya ce Allah ya ba Mushe lafiya. Kowa ya shuka da nasa ganin. Jan ruwa ya zo babba, ya ci kwari, har da rabin gonar ƙanena. Ban ce da porgaram ɗin ya buɗe da an tsira ba, maigida ma yakan kuskure. Amma da an tambaye shi, da ya nuna layi da yatsa, da na faɗa. Lokacin baƙin ruwa mutum biyu suka zo, gaisuwa kawai. Damina ta gaba ba wanda ya zo. Na mayar da kujerata ciki.

Akwatin ƙarfen yana can bakin gulbi, ba mai ciro kaset ɗinsa. Kile ɗin yana rataye a ƙusa saman gadon maigida, duk shekarunsa na ciki, ba abin da ya ɓata ko ɗaya, in ji ɗiyata. Takan sauko da shi jefi-jefi in ta ji wani ya ce yana da tsohon rumbu, ta gwada, mai haɗi ya jero mata sunaye ukun nan. Ba ta karanta su a fili yanzu, amma ina ganin bakinta yana motsi, kuma na san su. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Shi kuma da hantsi yakan sa a juya masa kujera ta fuskanci gulbi, ko da yake katanga ce kawai a gabansa. Nakan kawo masa kunu, in zauna kusa, in yi ta ba shi labarin unguwa yadda na saba. Wani lokacin ya ce «to».

Faifan na mayar da shi akwatin kwano, cikin masu rubutun hannunsa. Ƙanena ya aiko sau biyu yana tambaya ko na gama da shi.